Wuƙar Daji da Ragon Baba Bulus

Ba zan taɓa mantawa ba (kuma ko na yi niyyar mantawar, 'yan kamfaninmu ba za su bar ni ba) da ranar Lahadin da muka yi wa Baba Bulus walimar bankwana a bakin kogin Challawa. An kwana biyu da yin abin, amma har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, in kama gyaran hular da ba ta karkace ba.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san girman kayan da na ɗora wa kaina. Ni ne mai kula da sito a wani kamfanin robobi da ke Sharada, inda ake buga bokiti da buta da kujera. Sunana na yanka ya ɓace tuni, kowa Mai Sito yake ce mini, har manaja. A cikin birni aka haife ni, a cikin birni na yi makaranta, a cikin birni na yi aure. Babban dajin da na taɓa shiga a rayuwata shi ne ciyawar da ke bayan katangar kamfani, ita ma ranar da iska ta kwashe mini wata takarda ce na bi ta. Ko kaza ban taɓa yankawa ba. In mun yi baƙi a gida, maƙwabci nake roƙa.

To sai waya ta kawo mini fitina. A lokacin hutun cin abinci na kamu da kallon bidiyon wasu Turawa masu ƙasumba, waɗanda ke shiga ƙungurmin daji ba su riƙe da komai sai wuƙa guda. Da ita za su sari itace su kafa bukka, da ita za su fere sanda su soki kifi, da ita za su ƙyasta wuta. Ni kuma ina zaune kan buhun ƙwayar roba, ina cin shinkafa da wake, ina gyaɗa kai kamar wanda ake tuna wa abin da ya riga ya sani. Cikin wata biyu na gama yarda cewa ni mutumin daji ne, ƙaddara ce kawai ta ajiye ni a sito.

Rannan aka aike ni Bompai in duba kayan da aka sauke mana. A hanyar dawowa wata tirela ta gitta ta toshe titi, adaidaita sahu suka yi cirko-cirko, sai na sauka in taka da ƙafa. A gefen hanya na tarar da wani mai kayan gwanjo ya baza tocila da takalman soja da jakunkuna a kan leda. A tsakiyarsu ga ta nan kwance: wuƙa doguwa, ta kusa kamu guda, mariƙinta baƙi, bayanta da haƙora kamar zarto.

"Alhaji, ka san kaya," in ji mai gwanjon (ban je Makka ba, amma ban gyara masa ba). "Wannan ta sojojin waje ce. Da ita kaɗai mutum sai ya yi wata guda a daji, ya fito da ƙiba."

Ya murɗe gindin mariƙin, ashe rami ne a ciki. Ya zazzago ashana, da ƙugiyar kamun kifi, da zare, da allura. A jikin murfin kuma ga ɗan kamfas mai nuna gabas da yamma, allurarsa tana rawa. Ban tsaya dogon ciniki ba. Ya ce waccan ta gwaji ce, duk ta sha hannu, ya ɗauko mini sabuwa dal a kwalinta, tana cikin kubenta. Na cusa ta a jaka, na wuce ta gaban hedikwatar 'yan sanda ina zufa, ina gaida duk mai kaki da na gani, har da waɗanda ba su kalle ni ba.

Da na isa gida na nuna wa matata. Ta daɗe tana kallon abin, sannan ta ɗago ta kalle ni.

"Abban Hanifa, da girmanka za ka shiga daba?"

"Wace irin daba? Wannan wuƙar ceton rai ce. Ta shiga daji ce."

"Wane dajin?"

Sai na ce mata akwai abubuwan da sai maza ke ganewa. Ta ce to in zaro ta gani, ko za ta yi yankan kabewa. Na ce a'a, irin wannan ba a zare ta sai da dalili (ɗaya daga cikin masu ƙasumbar ne ya faɗi haka, ko kuma ni na ƙirƙira, yanzu ban tabbata ba). Na ɗora ta can saman sif inda hannun yara ba ya kaiwa. Lokaci-lokaci nakan sauko da ita in murɗe gindin, in duba ashanar, in kalli kamfas ɗin yana rawa, in mayar. Amma zarewa kam, ban taɓa yi ba.

A wurin aiki kuwa na zama malami. Duk wanda ya zo karɓar safar hannu ko man inji sai ya sha karatu kafin in sallame shi. "In ka shiga daji ba wuƙa, kai da gawa bambancinku numfashi ne. Igiya ta naɗe ka, da me za ka yanke? Ruwa ya tsuge, da me za ka kafa bukka? Kura ta taso maka fa?" Wani ya ce mini rabon da a ga kura a Sharada tun kafin a haifi kakansa. Na ce masa shi shiri ba ya jiran sai an ga kura.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yi mini gardama ba, shi ne Baba Bulus, babban makanikenmu. Dattijo ne ɗan Kudancin Kaduna, ya fi shekara talatin yana gyaran injinan kamfanin, har ana cewa da jin ƙarar inji yake gane ciwonsa. Yakan zauna a bakin sito yana goge hannu da tsumma, ya saurare ni har in gama, ya ce, "To, madalla, ɗana." Sai daga baya na ji cewa da farauta ya tashi a ƙauyensu, tun yana ƙarami yake kwana a dawa tare da babansa. Wato ni da ban taɓa ganin zomo a wajen keji ba, ni ne nake koya wa maharbi daji.

Da lokacin ritayarsa ya zo, zai koma gida noman citta, mu ma'aikata muka yi karo-karo muka sayi rago, ƙato, fari mai baƙin kai. Manaja ya ce a yi taron a kantin abinci na kamfani. Baba Bulus ya roƙi alfarma: shi dai a yi a bakin kogin Challawa, can gaba da Panshekara, inda ya saba zuwa kamun kifi duk Lahadi in an taso daga coci. Ya ce yana so ya yi sallama da wurin. Da na ji an ce bakin kogi, ji na yi kamar an yi mini bushara. Ga daji ya zo har gida.

A zaman kwamiti aka raba aiki. Maman Rifkatu, 'yar Filato mai dafa mana abinci a kantin, ita ce da shinkafa da kayan miya. Malam Sani, ɗan Jigawa mai aiki a injin kujeru, wanda ke ja mana salla a masallacin kamfani, shi zai yanka ya feɗe, don kowa ya ci hankali kwance. Ya ce zai zo da wuƙaƙensa biyu da dutsen washi.

Na ɗaga hannu. "Malam, kada ku wahalar da kanku. Maganar wuƙa a bar ta a hannuna."

"Mai Sito, ka tabbata? Fiɗa fa sai da kaifi."

"Haba Malam, wuƙar da ake feɗe ɓauna da ita ce za ta gaza a kan rago?"

Aka yi dariya, aka rubuta: wuƙa, Mai Sito.

Ranar Lahadi na sa wando mai aljihu shida, da takalmin sojan da na koma Bompai na saya musamman, ga rana tana dukan ƙeya. Muka jira 'yan coci suka taso, muka hau motar ɗaukar kayan kamfani, mu wajen ashirin, rago a tsakiyarmu yana yi wa kowa fitsari a ƙafa. Wuƙar na ɓoye ta cikin riga har muka wuce Panshekara, sannan na fito da ita na rataya a bel. Aka yi "Kai!" Wani ya ce in zaro a gani. Na ce masa sai lokaci ya yi.

Wurin yana da kyau, in ka cire warin da iska ke ɗebowa jefi-jefi daga kamfanonin fata. Rani ne, ruwan ya janye can tsakiya, sai farin yashi shimfiɗe da lambunan 'yan noman rani a gefe. Masu tifa sun ɗebi yashi sun bar gaɓar a tsaye kamar katanga, zurfinta ya fi tsayin mutum. A samanta akwai wata bishiyar mangwaro, nan muka shimfiɗa tabarmi. Maman Rifkatu ta matsa can nesa kaɗan ta kafa murhu, don kada hayaƙi ya dame mu.

Aka ce a ɗaure ragon tukuna, a yi 'yan jawabai kafin yanka. Wa zai ɗaure? Ai kun sani. Na ce a ba ni igiyar, akwai ƙulli na musamman da na koya. A bidiyon da na gani ƙulli biyu aka nuna: ɗaya na ceto, wanda ko an ja ba ya tsukewa, ɗaya na tarko, wanda ke ƙara shaƙewa in an ja. Na tsaya da igiya a hannu ina ƙoƙarin tuna wanne ake zagayowa ta sama, wanne ta ƙasa. Ido ya yi mini yawa, sai na zaɓi ɗaya da bismilla, na zarga a wuyan ragon, na ɗaure ɗaya bakin a jikin mangwaron. Igiyar nailan ce, na kuma bar ta da tsawo, wai don dabba ta sake ta ci ciyawa.

Ana cikin jawabi na sulale bayan mota don in ɗauki kaina hoto, wuƙa a ƙugu, kogi a bayana. Abin da ya faru a lokacin, daga baya aka ba ni labari. Wata tifa ce ta danna hon a ƙasa, ragon ya firgita, ya zabura, ya yi tsalle ya faɗa gaɓar. Igiyar ba ta kai ƙasa ba. Ya rataye a tsakiya, ƙafafunsa na baya suna ɗan shafar yashi, ƙullina kuwa ya nuna wa duniya wanda na zaɓa.

Ni dai abin da na ji shi ne ihu. Ana salati, ana kiran Yesu, ana gudu, ana ta cewa, "Wuƙa! Wuƙa! Mai Sito, wuƙa!"

To ku yi mini adalci. A Kano in ka ji ana ihun wuƙa ana gudu, me zai fara zuwa ranka? Masu ƙwacen waya. Na ɗauka gargaɗina ake yi, cewa ga 'yan daba nan da wuƙa sun nufo ni. Kafin in yi wani tunani na cusa wayata cikin safa, na kwanta na shige ƙarƙashin mota. Wuƙar ceton rai tana ƙuguna, tana tokare mini haƙarƙari, ko tunawa da ita ban yi ba.

Ina nan kwance ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina (har da ta shiga kasuwa), sai na ga takalman Malam Sani sun tsaya saitin fuskata. Ya sunkuyo.

"Mai Sito, me kake yi a nan?"

"Malam, su nawa ne?"

"Su wa?"

"Ɓarayin."

"Waɗanne ɓarayi? Rago ne zai mutu! Fito da wuƙar!"

Na fito da baƙin mai a gaban riga, ban gama gane yadda aka yi ɓarayi suka koma rago ba. Ya ja hannuna muka ruga. A bakin gaɓar na tarar maza huɗu sun kama igiya suna ja sama, abin da ke ƙara shaƙe dabbar, wasu biyu sun dira ƙasa suna ƙoƙarin tallafo shi yana harbinsu da ƙafa. Ƙullin jikin bishiyar ya ɗaure tamau saboda nauyi, ya ƙi kwantuwa. Idon ragon ya firfito, harshe a waje. Kowa ya san abin da ke tafe: in ya mutu a haka ya zama mushe, walima ta tashi, mutumin da ya yi wa kamfani shekara talatin zai tafi da farar shinkafa ba nama.

Da aka gan ni aka dare aka ba ni hanya. Wallahi har da mai cewa, "Alhamdu lillahi, ga shi nan." Lokacin da na daɗe ina jira ya zo. Na gyara tsayuwa, na kama mariƙin da hannun dama, na fizga.

Ba ta fito ba.

Na sake fizga. Kuben ya biyo ta, bel ya biyo kuben, wandona ya biyo bel har ya kusa kai mini ƙirji. Na ɓalle maɓallin da ke riƙe da ita, na ja. Shiru. Na ce ko murɗawa ake yi, na murɗa, sai gindin ya buɗe, ashana da ƙugiya da allura suka watse cikin ciyawa, aka bar ni da murfi a hannu.

"Zaro mana!"

"Ai ita nake zarowa!"

"Ko akwai inda ake dannawa?"

"Ba ta da wurin dannawa!"

Wani ya kama kuben, ni na kama mariƙin, muka ja kamar masu rabon faɗa. Sai a lokacin na duba da kyau na ga abin. Wani siririn ɗaurin roba ne, baƙi, irin wanda masu wayarin ke tamke wayoyi da shi, an zarga shi ta hujin mariƙin an haɗe da kuben tun daga inda aka ƙera ta. Na sha ganinsa, na ɗauka ado ne. Irin ɗaurin nan ba ya kwantuwa, sai dai a yanke.

Na ɗago kai na dubi jama'a. Da bakina, da muryata, a gaban mutum ashirin da na yi wata biyu ina yi wa karatu, na ce:

"Don Allah, akwai mai wuƙa?"

Ba abin da ke tashi sai kakarin ragon.

Maman Rifkatu ce ta ture ni gefe. Daga wajen murhu ta taso, hannunta duk albasa, riƙe da 'yar wuƙar da take yanka kayan miya da ita a kantin, wadda washi ya cinye har ta kusa zama tsinke, mariƙinta naɗe da robar tayar keke. (Daga baya ta ce tun farko ta ji ihun, amma ta san an ce akwai babbar wuƙa, shi ya sa ba ta taso ba.) Ta leƙa ƙasa ta ce, "Ku tare shi." Ta ɗora wuƙar a kan igiya, ja biyu, fat.

Rago ya faɗa kan mutanen ƙasa, aka sassauta zargen wuyansa. Ya kwanta a yashi, cikinsa na ɗagawa da ƙyar, ido ya juye. Malam Sani ya dira ya taɓa shi, ya ce, "Da sauran rai, amma ba zai tashi ba. Yanzu za a yanka. A miƙo wuƙa!"

Maman Rifkatu ta juyo, ta kama ƙuguna kamar za ta gyara wa ɗan yaye wando, ta datse ɗaurin robar. Na zaro wuƙata karo na farko a duniya. Ta yi ƙyalli a rana, har wani ya ce, "Masha Allah." Na ji raina ya ɗan dawo. Na sulala ƙasa da mazaunai, na miƙa wa Malam da hannu biyu.

Ya shafa kaifin da babban yatsa. Ya sake shafawa da ƙarfi. Sannan ya goga ta a tafin hannunsa, gaba da baya, ya duba tafin, ko alama babu.

"Mai Sito, wannan ai ko tuwon jiya sai ta yi da gaske. Ba zan azabtar da dabba ba. Maman Rifkatu, kawo taki."

Aka miƙo masa. Ya goga tata a jikin tawa sau uku, yadda mahauta ke yi, ya dawo mini da tawa ko kallona bai yi ba. Aka kwantar da ragon, sai Malam ya ɗaga kai. Rana tana tsaka, inuwar kowa na ƙarƙashin ƙafarsa, ga mu cikin rami, kuma yawancinmu yau muka fara zuwa wurin.

"Ina gabas?"

Nan ma sai da na sake tsoma baki (har yau ban san abin da ya hana ni yin shiru ba). Na ce akwai kamfas. Na ɗora murfin a tafin hannu, kusa da wuƙar. Allurar ta juya ta nuna wuƙar. Na matsar da wuƙar, ta bi ta. Na juya, ta juya. Ga haruffan Turanci huɗu suna kallona, na kasa tuna ko jan bakin ne arewa ko farin. Na nuna hagu na ce nan ne. Aka juya rago. Na ce a'a, ku dakata, can ne. Aka sake juya shi kamar ana shanya tabarma. Malam ya fara huci, ragon kuma ya kusa dainawa.

Daga saman gaɓar Baba Bulus ya yi magana, a hankali, yadda yake yi in inji ya rikice kowa na ihu.

"Malam Sani, ka ga giginyar can ta tsallaken ruwa? Ita za ka fuskanta. Shekara da shekaru ina ganin masu ɗiban yashi suna salla a nan, can suke duba."

Malam ya gyara ragon, ya yi bismilla, ya yanka. Jini ya yi tsartuwa, ragon ya yi shure-shure da ƙarfinsa. Malam ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Ya halatta." Aka yi kabbara, Maman Rifkatu ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa ina tsaye, wuƙa a hannu ɗaya, kamfas a ɗaya, sai wayata ta kama ruri a cikin safa. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafata. Na tsaya kamar ba tawa ba ce, har ta gaji ta katse.

Fiɗar da ya kamata a gama cikin ɗan lokaci sai da ta kai mu la'asar, domin wuƙa ɗaya ce ake karɓa-karɓa: Malam ya feɗe cinya, Maman Rifkatu ta karɓa ta yanka tumatir, ta dawo masa da ita. Tawa ma ba ta zauna banza ba. Da ita aka tona ramin da aka binne dattin tumbi, da gindinta aka farfasa ƙanƙarar lemo. Wani ya gwada zarton bayanta a kan ƙashi, ya daɗe yana gurzawa, ya dawo mini da ita bai ce komai ba. Da ma zagina ya yi, da na fi jin daɗi.

Da aka zuba abinci na ɗauki nawa na koma bayan mangwaron, ina tunanin ko akwai kamfanin da ke neman mai sito a Dakata, inda ba wanda ya san ni. Sai ga Baba Bulus ya zo ya zauna kusa da ni da kwanonsa.

Na ce, "Baba, ku yafe mini. Na kusa ɓata muku rana."

Ya yi dariya har yana share ido da bayan hannu. "Ɗana, an yi wa mutane da yawa bankwana a kamfanin nan, duk na manta yadda aka yi. Nawa kam ba mai mantawa."

Ya karɓi wuƙar, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ta da farce ya kara a kunne. "Ƙarfen ba laifi. Maganarka ma gaskiya ce, ba a shiga dawa ba wuƙa. Ka gani yau, ba don ta Maman Rifkatu ba da mushe za mu binne. Kai dai ba ku saba ba ne, kai da ita."

Ya lalubo wani dutse mai sulɓi, ya zuba masa ruwa, ya nuna mini yadda ake kwantar da bakin wuƙa a ja. Ya miƙo mini ya ce, "Yi." Na yi. Ya ce, "A'a, shafa ta kake yi kamar mage. Danna." Na danna. Muka zauna a nan, shi yana cin nama yana gyara mini hannu, ni ina gurza, har wajen tsawon ɗan yatsa ya fara haske. Na ce bari in gwada yadda na ga Malam ya yi, na shafa da babban yatsa. Malam ashe a kaikaice yake shafawa, ni kuwa na bi tsawon kaifin. Jinin farko da wuƙar ceton rai ta taɓa fitarwa nawa ne. Baba Bulus ya yage gefen hankicinsa ya ɗaure mini, ya ce, "To, yanzu kun gaisa."

Ranar Litinin da na zo aiki na tarar an rataye almakashi a ƙofar sito, da takarda a jikinsa: "In za a zare wuƙa, a fara da wannan." Har yau ban gano wanda ya rubuta ba, ko da yake rubutun ya yi kama da na manaja.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma da jinina na saye shi. Wuƙa tana da rana a daji, wannan ba gardama, na gani da idona. Sai dai ba girin-girin ba, ta yi mai. Kafin ka tara jama'a ka yi musu wa'azin abin da ke ƙugunka, shiga ɗaki ka rufe ƙofa, ka ja shi ka gani ko yana fita. In kuma ka ji ana ihu ana kiran sunanka, daure ka tsaya ka tambaya: gudu ake so ka yi, ko zuwa?